Yadda Ake Sayen Babbar Kwamfutar Aiki Mai Haɗe da Allo a Kaduna, da Yadda Ake Riƙe Ta

Ƙanen mai ɗakina ya gama karatun zanen gine-gine, ya yi hidimar ƙasa, ya kama ɗan ofis a Unguwar Rimi. Wata Asabar ya shigo gidana da hoto a waya. Kwamfuta ce siririya, allo kawai a kan ƙafa ɗaya, babu akwati a ƙarƙashin tebur, babu tarin wayoyi. Ya ce, "Yaya, irin wannan nake so. Ya ka gani?" Na ce ya nemi kujera, don maganar ba ta tsaye ba ce. Na haura shekara goma ina tsara littattafai da fastoci ina haɗa bidiyo a garin nan. Irin wannan na'ura biyu sun bi ta hannuna, ɗaya a gabana ta mutu. Abin da na faɗa masa ranar shi ne zan shimfiɗa a nan.

Ka riƙe abu ɗaya a ranka tun daga farko. Wannan kwamfuta, wadda 'yan kasuwa ke kira ol-in-wan, jiki ɗaya ce. Allo da ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da lasifika da kyamara duk suna cikin kwanso guda. Kyanta ke nan, haɗarinta ma ke nan. In allo ya fashe, aiki ya tsaya. In wuta ta ƙona cikinta, allon mai tsada ya zama kayan ado. Duk matakan da ke tafe daga wannan gaskiyar suka fito.

Mataki na farko: rubuta manhajojin da kake cin abinci da su

Kafin ka kalli hoton kowace kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta manhajojin da kake buɗewa kullum. Su ne za su zaɓa maka na'ura.

Mai zanen gini ko injiniyan da ke aiki da Revit ko SolidWorks, da mai aikin taswira da ArcGIS Pro, hanyarsu ɗaya ce: Windows. Waɗannan manhajoji ba su da samfurin Mac, wato kwamfutar Apple. A da, lokacin da Apple ke amfani da firosesar Intel (firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta), ana iya raba ma'ajiya a ɗora Windows a gefe ta hanyar Boot Camp. Tun da kamfanin ya koma firosesarsa ta M, wannan ƙofa ta rufe. Akwai dabarar gudanar da Windows a kan Mac ta cikin manhajar Parallels, amma ba zan ba mutumin da zai yini a kan Revit shawarar ya jingina sana'arsa a kanta ba. Nan maganar ƙanen nawa ta fara sauyawa, domin iMac ce, ol-in-wan ta Apple, a hoton da ya kawo, shi kuwa Revit ne abincinsa.

Mai Photoshop, InDesign, Premiere, DaVinci Resolve, AutoCAD ko ArchiCAD yana da zaɓi, domin duk suna aiki ta ɓangarorin biyu. Final Cut Pro kuwa sai Mac. Masu aikin maɗaba'a, ku tuna da abokan hulɗarku: yawancin wuraren buga takardu a nan da CorelDRAW a kan Windows suke karɓar aiki. Akwai CorelDRAW ta Mac tun 2019, amma ka saba da miƙa aikinka a PDF, kada haruffa su warwatse a hannun mai bugawa.

Mataki na biyu: san abin da ke kasuwa, da abin da aka daina yi

A nan ake yaudarar mutane, saboda manyan sunayen wannan fanni da yawa sun zama tarihi. HP ta fito da Z1 a 2012, mai allon inci 27, wadda ake kwantarwa a buɗe ta kamar bonet ɗin mota a canja kayan ciki. An daɗe da daina yin ta. Dell ta yi Precision 5720 a 2017. Apple ta fitar da iMac Pro a Disamban 2017 da firosesar Xeon, ta janye ta a 2021, sannan a Maris 2022 ta daina sayar da iMac mai inci 27 baki ɗaya. Microsoft ta kawo Surface Studio a 2016, mai allon inci 28 da ake kwantarwa a yi zane a kai da alƙalami. Ta ƙarshe a jerin, Surface Studio 2+, ta fito a 2022 a kan kusan dala 4,500, ita ma an tsayar da ƙera ta.

Abin da ya rage a ɓangaren Apple shi ne iMac mai inci 24: ta M1 a 2021, ta M3 a 2023, ta M4 a 2024, wadda farashinta ya fara daga dala 1,299 a Amurka. A ɓangaren Windows an fitar da irin su HP Envy mai faffaɗan allo na inci 34 da katin girafik (sashen da ke sarrafa hoto) na Nvidia RTX, da Lenovo Yoga AIO 9i, da na ofis irin ThinkCentre da OptiPlex.

Dalilin da ya sa na jero shekarun nan shi ne tsofaffin su ne suka fi yawa a shagunan kayan tokumbo, kuma har yau suna ɗaukar ido. Sai dai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman firosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama da guntun tsaro na TPM 2.0. A ɓangaren Apple, macOS Tahoe ta 2025 ita ce ta ƙarshe da ke karɓar Mac mai Intel, kuma iMac Pro ba ta ma cikin jerin. Ka sayi irin waɗannan, ka sayi na'urar da kwananta ya kusa ƙarewa. Araha ba ta ado.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka tsakani da Allah: dole sai mai haɗe da allo? In aikinka fitar da hotunan gini masu nauyi ne dare da rana, akwati daban da allo daban sun fi maka, domin suna shan iska sosai kuma ana canja musu kaya ɗaya bayan ɗaya. Mai haɗen tana da ranarta ga wanda ofishinsa ƙarami ne, wanda abokan ciniki ke zama kusa da shi suna kallon aiki, wanda yake son allo mai kyan launi ba tare da ya shiga neman sa daban ba, da wanda wutarsa ta inbata ce yana lissafin kowane watt.

Mataki na uku: karanta kayan ciki

Fara da RAM, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe aikin da ke buɗe. Gigabait 16 shi ne ƙasa ga mai sana'a, 32 ga mai bidiyon 4K ko babban zanen gini. A iMac mai firosesar M, RAM a manne take da firosesa, abin da ka saya da shi za ka zauna har ka rabu da ita. iMac ta M4 tana farawa daga 16 ta tsaya a 32. Ta M1 da ta M3 kuwa akwai masu 8, kuma su ne mai shago zai fi matsa maka ka ɗauka. Kada ka ɗauka. Tsohuwar iMac mai inci 27 ta 2020 tana da 'yar ƙofa a baya da ake ƙara RAM har 128, shi ya sa wasu ke nemanta har yanzu. A na Windows, tambayi mai shago ko ana ƙarawa, sannan ka duba littafin na'urar a shafin kamfanin da kanka.

Ma'ajiya ta zama SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, aƙalla gigabait 512, terabait 1 in da hali. Duk wadda aka ce maka tana da Fusion Drive (haɗin SSD da faifai na Apple) ko tsohon faifai mai juyawa, wuce ta.

Katin girafik shi ne inda suna ke ruɗi. Saboda siririn jiki, yawancin waɗannan na'urori katin laftof ake sa musu, ko da lambar ta yi kama da ta babban akwati. Surface Studio 2+ misali ce: RTX 3060 ɗinta ta laftof ce, firosesarta ma haka. Mai fitar da hotunan gini da Lumion ko Blender ya duba ƙwaƙwalwar katin, ya nemi gigabait 8 zuwa sama in zai samu. Mai tsara littafi da fasta ba sai ya kashe kuɗi a nan ba.

Allo kuwa shi ne rabin kuɗinka. Na iMac mai inci 24 yana da ɗigo 4480 a kwance, 2520 a tsaye, kuma yana nuna faffaɗan jerin launuka da ake kira P3. A na Windows, kada ka karɓi mai inci 27 da ke tsaye a 1920 da 1080, rubutu zai riƙa fitowa da gefe-gefe, idonka zai gaji kafin la'asar. Ka kuma ƙirga ƙofofin baya: USB-C ko Thunderbolt nawa ne, akwai ta wayar intanet, za ta ɗauki allo na biyu?

Mataki na huɗu: gyara wuta kafin ka biya kuɗin kwamfuta

Nan zan daɗe, domin nan aka yi mini rauni. Wata damina ina tsaka da haɗa littafin wata makaranta aka ɗauke wuta. Ban damu ba, na fita sallar Magariba na bar fulogi a bango. Ina dawowa aka kawo ta da ƙarfi. Ƙwan ɗakin ya yi wani fari fat, sai na ji ƙaras daga bayan allon, sai warin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Na danna maɓalli ya fi sau ashirin. Shiru. Allon nan lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu, amma sai da na yi mako biyar ina jiran kayan gyara daga Legas, aikin mutane yana kwance a ciki. Abin da ke tsakanin kwamfutar da bango a ranar wata 'yar soket ce ta kasuwa.

Ko unguwarku tana rukunin masu amfani da wutar lantarki na Band A, wanda tun Afrilun 2024 aka ƙara wa kuɗi bisa sharaɗin awa 20 a rana, wannan lissafin awoyi ne. Tsawa da juyawa daga janareta zuwa layi ba su san rukuni ba. Ga yadda za ka tsara.

Kira mai aikin wayarin ya duba ko soket ɗin ofishinka yana da wayar ƙasa ta gaske. Gidajen haya da yawa ramin na uku fanko ne, kuma abin kare tartsatsin wuta ba ya cika aikinsa in babu ita. Bayan nan sai UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. Nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta pure sine wave a kwalinta, kuma mai daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama. Lura da lissafi: lambar VA da ke jikin kwali ba watt ba ce. A ƙananan UPS, watt ɗin yakan tsaya wajen kashi 60 cikin ɗari na VA, wato mai 650 ba ta kai watt 400 ba. Adaftar iMac mai inci 24 watt 143 ce, don haka UPS mai 1000 ta wadatar da ita har da rautar intanet da ma'ajiyar waje. Mai katin RTX tana jan fiye da haka, duba lambar da ke jikin adaftarta ka ɗauki 1500 zuwa sama. Firinta mai leza kada ta kusanci UPS ɗin.

UPS mintuna kawai take ba ka ka adana aiki ka kashe. In kana son ci gaba da aiki sai inbata. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe da watt-awa 2,400 a takarda. In na ruwa ne ko na jel, rabi ake ja don ya yi ƙarko, saura 1,200. Kwamfutar da ke jan watt 150 za ta yi wajen awa bakwai, in an cire abin da inbata ke ci. A nan mai haɗe da allo ta fi babban akwati nesa ba kusa ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa har yau nake riƙe da irinta.

In daga Amurka aka kawo na'urar, duba jikin adafta ka ga an rubuta 100 zuwa 240, domin wutarmu 230 ce tasu 120. Ka canja wayar zuwa mai baki uku irin namu, ka bar ɗora adafta kan adafta. In hadari ya haɗo ana walƙiya, zare fulogi, ka zare wayar intanet ma.

Mataki na biyar: gwaji a gaban mai shago

Za ka samu a shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello da kewayen babbar kasuwa, amma manya-manyan sau da yawa sai an yi odarsu daga Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Ko daga ina ta fito, kada ka biya duka kafin ka gani. Gani ya kori ji. Ware awa guda, ka tafi da filas mai ɗauke da babban aikinka guda ɗaya.

Duba lambar na'urar da ke cikin manhaja ta yi daidai da ta jiki da ta kwali, sannan ka shigar da ita a shafin garanti na Apple ko Dell ko HP ko Lenovo ta wayarka. Zai nuna maka ainihin samfurin da ko garanti ya ƙare. Na ga wadda aka ce sabuwa ce fil, lamba ta nuna ta shekara biyu a hannun wani.

In Mac ce ta hannu, a goge ta a gabanka, a haɗa ta da intanet, a fara saita ta daga farko. In ta nemi asusun Apple na wani, ko ta nuna cewa wani kamfani ne ke sarrafa ta daga nesa, tashi ka tafi. Mai shago zai ce, "Alhaji, ƙaramin abu ne, yaro zai cire maka yanzu." Abin da yaron zai yi rufa-rufa ce, ranar da ka sabunta manhaja makullin na iya dawowa. A ta Windows, shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna na'ura kafin Windows ta tashi, ka tabbata babu kalmar sirri.

Sai allo. Cika shi da fari, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, ɗaya bayan ɗaya, ka matso da fuskarka kana neman mataccen ɗigo ko tabo. A kan baƙin, ka sa a rage hasken shagon ka duba ko haske na tsiyaya ta kusurwa. A kan farin, duba ƙasan allo ko ƙura ta shiga bayan gilashi. Gwada kowace ƙofa da filas ɗinka. Buɗe manhajar CrystalDiskInfo a Windows ka ga lafiyar SSD da awoyin da ta yi. Daga nan ka ɗora mata nauyi: kunna manhajar gwaji ta Cinebench ko ka sa ta fitar da bidiyonka na minti goma sha biyar, ka sa hannu a bayanta, ka kasa kunne. Ƙarar iska ba laifi ba ce. Ƙarar gurnani ko ƙas-ƙas daga fanka, ko ta mutu da kanta, shi ne matsala.

Rasit ya ƙunshi lambar na'ura, girman RAM da SSD, da kwanakin garantin shago a rubuce. Ka tambaya ƙarara: in allo ya samu matsala, wa zai gyara, a wane gari, cikin kwana nawa?

Mataki na shida: kawo ta gida da zaunar da ita

A kwalinta na asali za ta yi tafiya, a tsaye, a kujerar baya da bel. Ba a kwantar da ita a but a ɗora kaya a kai, ba a kuma ba da saƙonta a tashar Kawo babu kwali. Adana kwalin ko bayan ta isa.

A ofis, taga ta kasance a gefenka, don allon gilashi madubi ne in haske na bayanka. Bar tazarar tafin hannu biyu tsakaninta da bango. Apple ta rubuta cewa iMac tana aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35, kai kuma ka san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Kaduna cikin Maris da Afrilu. In babu esi, sa fanka ta riƙa kaɗa bayanta, ka mai da aiki mai nauyi zuwa safiya ko dare. Kwamfutar da ta ji zafi rage gudu take yi da kanta, sai ka ɗauka tsufa ne.

Mataki na bakwai: saiti na ranar farko

Sabunta manhajar tsarin gaba ɗaya kafin ka ɗora komai. Sa manhajojin aikinka na asali, ka guji waɗanda aka fasa, domin ta nan cutar da ke kulle fayil a nemi kuɗin fansa take yawan shigowa. Ƙara kibod ɗin Hausa a Windows, ka gwada ƙ da ɗ da ɓ a kan duk salon rubutun da kake so, don da yawa cikin masu kyau ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ka ga akwati a tsakiyar sunan amarya a katin biki.

Rage hasken allo zuwa wajen rabi in aikin bugawa kake yi. Allon nan ya fi takarda haske da kaifin launi, kuma abin da ka gani a kansa ba shi zai fito daga injin buga takarda mai tawada huɗu (CMYK) ba. Buga gwaji guda a maɗaba'ar da kake hulɗa da ita, ka riƙe takardar kusa da allo da rana, ka daidaita. Mai hali ya sayi 'yar na'urar auna launi irin ta Calibrite ko Spyder.

Sannan ajiyar kwafin fayiloli, a ranar, kafin barci. Sayi ma'ajiyar waje da ta ninka ta ciki, ka kunna manhajar da ke kwafe fayiloli da kanta, Time Machine a Mac ko File History a Windows. Aikin da ke hannu ya samu kwafi na uku a intanet ko a wata ma'ajiyar da ke kwana a gida. A sababbin iMac ba a zare SSD a sa a wata na'ura, in cikin ya ƙone fayilolin na iya tafiya tare da shi.

Idan hunturu ya shigo

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ita ce abokiyar gaba. Fanka tana zuƙo ta ta ramukan ƙasan allo, ta taru kamar auduga a kan ƙarfen sanyaya. Kai telanka ya ɗinka mata riga da yadi mai kauri, ka riƙa rufe ta in ka tashi, bayan ta huce. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, ko a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Duk mako ka bi ramukan iskar da busasshen buroshi mai laushi, kwamfuta a kashe. Allo kuwa da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa, a hure ƙurar tukuna don kada ta karce gilashi, kuma ba a fesa ruwa kai tsaye. Sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, a kai ta wurin wanda ya taɓa buɗe irinta. Allon iMac da gam aka manne shi, wanda bai iya ba zai fasa maka shi wajen ɓamɓarewa, don haka ka tambaye shi ko yana da sabon gam ɗin mayarwa kafin ka miƙa masa.

Ƙanen nawa dai ya bar maganar iMac. Ya ɗauki ta Windows mai RAM 32 da katin RTX, amma sai da ya fara biyan mai wayarin da kuɗin UPS, kwamfutar ta biyo baya da wata guda. Da na leƙa ofishin a watan Janairu na tarar ya tafi duba wani gini a Malali, na'urar tana kan tebur cikin rigarta ta shuɗin yadi, fulogi a zare.